Antibodin ɗana ya yi yawa a takardar gwaji, amma kullum muna asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina rubutowa daga Tudun Wada, Zariya. Ɗana yana da shekara biyar. Tun yana jariri yake fama da ƙaiƙayi da ƙuraje, yana yawan maruru, bana kuma sau biyu ana kwantar da mu saboda nimoniya. Likitan yara ya ce yana zargin matsalar garkuwar jiki, ya tura mu gwaji. Sakamako ya nuna IgG 19 g/L, IgA 1.4 g/L, IgM 1.6 g/L, IgE 2,300 IU/mL, an ja layi a ƙarƙashin IgG da IgE cewa sun haura. Babansa ya ce tunda sun yi yawa ai garkuwarsa lafiya lau take. Ni kuma na karanta a waya cewa yawan IgE wata muguwar cutar gado ce. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yaro lafiya, ya ba ku ladan jinya.

Takardar nan ita kaɗai ba ta isa ta raba gardamarku ba. Maganar maigida ce ta fi buƙatar gyara, domin ita ce za ta iya sa a daina komawa asibiti: yawan antibodi a jini ba shaidar ƙarfin garkuwa ba ne. Taki maganar tana kan hanya, sai dai kin yi saurin kai ta ƙarshe. A garinmu akwai abubuwa da dama da suke ɗaga IgE ya wuce dubu biyu, kuma kowannensu ya fi cutar gadon nan yawa nesa ba kusa ba.

Antibodi sinadari ne da wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira ƙwayoyin B, suke ƙerawa, kowane ɗaya domin ƙwayar cuta guda. Gwajin da aka yi wa yaronki awo ne irin na gero a tiya. Ya faɗi yawan abin da ya cika kwanon, bai faɗi nawa ne tsaba, nawa ne dusa da tsakuwa ba. Bayan haka antibodi reshe ɗaya ne na garkuwa. Akwai ƙwayoyin nutrofil masu haɗiye ƙwayar cuta su kashe ta, akwai ƙwayoyin T masu ba da umarni da yaƙar bairos da fungas, akwai saifa mai tace jini. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, cuta takan zauna a jiki ta ƙi fita, su kuwa ƙwayoyin B su yi ta zuba antibodi ba ƙaƙƙautawa. Sai takarda ta nuna lamba mai yawa alhali yaro yana kwance, taron tsintsiya ba shara. Saboda haka a yaro irin naki, IgG mai yawa galibi sawun cututtukan da suka ratsa shi ne.

Haruffan huɗu kowanne da labarin da yake bayarwa. IgG shi ne mafi yawa, kusan kashi 75 cikin 100 na antibodin jini, yana daɗewa, sai wajen mako uku rabinsa yake ƙarewa. IgM shi ne na farko da yake fitowa idan sabuwar cuta ta shigo. IgA yana tsaron majina, yawu, hanji da nonon uwa. IgE na tsutsar ciki ne da borin jini, kuma ɗan mitsitsi ne a jini, shi ya sa aka ba shi ma'auni na daban. Kada girman lambar 2,300 ya razana ki. Idan aka mayar da ita ma'aunin sauran, ba ta kai 0.006 g/L ba, ga IgG yana 19. Ta haura iyaka ƙwarai, wannan gaskiya ne, amma ba wai ta fi IgG yawa ba ne.

Kafin a fassara komai, a duba abu biyu a jikin takardar. Na farko ma'auni. Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta g/L, wasu mg/dL, kuma 19 g/L shi ne 1,900 mg/dL. Iyaye da yawa sukan ɗauki sakamakon wuri ɗaya su gwama da na wani, su ga 12 ta koma 1,200, hankalinsu ya tashi a banza. Na biyu iyakar da aka buga a gefe: ta yara ce ko ta manya? A manya IgG yakan tsaya tsakanin 7 da 16 g/L, IgA 0.7 zuwa 4, IgM 0.4 zuwa 2.3. A yara lissafin yana tafiya da shekaru. Jariri yana zuwa duniya da IgG na uwarsa, wanda ya ratso ta mabiyiya a watannin ƙarshe na ciki, ya yi ta raguwa har ya kai ƙasa tsakanin wata uku da shida, sannan nasa na kansa ya fara hawa. IgA kuwa sai wajen balaga yake kamo na manya. A ɗan shekara biyar iyakar IgG takan kama daga wajen 5 zuwa 15 ko 16. Ke nan 19 ta haura, amma da kaɗan.

Sannan yawancin iyakokin da ake bugawa daga yaran Turai da Amurka aka samo su, yaran da sauro bai taɓa sa musu maleriya ba, ba su san tsutsar ciki ba. An daɗe da sanin cewa yaranmu, ko masu lafiya garau, IgG da IgM da IgE ɗinsu sun fi na can. Wani sashe na wannan ilimin ma a nan Zariya aka tattara shi. Wani likita mai bincike ɗan Birtaniya, Brian Greenwood, ya yi shekara goma a Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1970 zuwa 1980, kuma cikin abin da shi da abokan aikinsa suka nuna har da cewa yaron da ke tsakiyar zazzaɓin maleriya ba ya amsa wasu alluran rigakafi yadda ya kamata. Wato maleriya tana cika jini da antibodi, a lokaci guda tana rage ingancin sabon da jiki zai ƙera. A nan ne kuma Dakta Fakunle ya tsara, a 1981, sharuɗɗan gane ciwon ƙatuwar saifa da maleriya mai maimaituwa take haddasawa, wanda babbar alamarsa IgM mai yawan gaske ce. Wannan ya fi kama manyan yara da manya, kuma IgM na yaronki daidai yake, don haka ba shi ne a gabanmu ba.

IgG 19 ya yi mana amfani guda ɗaya babba. Ya kawar da cututtukan da jiki ba ya iya ƙera antibodi sam, da kuma wadda IgM yake hawa alhali IgG da IgA suna ƙasa. Wannan abin godiya ne. Abin da bai kawar ba shi ne sauran rassan garkuwa, kuma kafin a kai ga na gado sai an bi na kusa.

Gwajin HIV yana sahun farko, kuma ina roƙon kada ku ɗauke shi zargi. Ƙa'ida ce ga duk yaron da nimoniya take maimaita masa. Cutar ta shahara da ɗaga IgG sama sosai alhali antibodin ba ya aiki, kuma yaro yana iya ɗaukarta ta ƙarin jini ko askar da ba a tsabtace ba, ba ta wajen uwa kaɗai ba. Na biyu jinotayif. Masu sikila IgG da IgA ɗinsu sukan yi yawa, amma saifarsu tana daina aiki tun suna ƙanana, shi ya sa nimoniya da sanƙarau suke musu kwaf ɗaya. Na uku tarin fuka, wanda a yara ba lallai ya zo da tari mai jini ba. Rama, zazzaɓin dare, da nimoniyar da ta ƙi jin magani sun isa a yi hoton ƙirji da gwajin GeneXpert, kuma cibiyar tarin fuka ta Saye tana nan kusa da mu. Sai ciwon hanta, wanda ake dubawa da HBsAg da gwajin aikin hanta. Sai tamowa: yaro mai tamowa antibodinsa yakan fito daidai ko ma sama, amma ƙwayoyin T ɗinsa sun yi laushi. Idan kuma ya yi ƙyanda a bara ko bana, ki faɗa wa likita, domin ƙyanda tana goge wani ɓangare na abin da garkuwa ta haddace, yaro ya yi watanni yana kwasar cuta bayan ta.

Yanzu IgE, wanda shi ne ya hana ki barci. A manya iyakarsa wajen 100 IU/mL ce, a ƙananan yara irin naki ƙasa da haka. Abu uku ne suka fi ɗaga shi a nan. Tsutsar ciki iri-iri, har da mai shiga ta tafin ƙafar yaron da ke yawo ba takalmi. Tsargiya, idan yana bin yayyensa wanka a Kubanni ko kududdufan unguwa, ko da ba ki taɓa ganin jini a fitsarinsa ba. Sai kircin fata na borin jini, wanda shi kaɗai, idan ya yi tsanani, yana iya kai IgE sama da 10,000 ba tare da wata cutar garkuwa ba. Ƙazuwa ma tana cikin lissafi, kuma ana yawan mantawa da ita: tana kawo ƙaiƙayi, susa ta buɗe fata, maruru su biyo baya, IgE ya hau. Idan ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, yana tsakanin yatsu da wuyan hannu da gaba, kuma wasu a gidan suna susa, to a fara da ita, kuma maganinta sai an shafa wa kowa a gidan rana ɗaya, an wanke kayan shimfiɗa an shanya a rana.

Da yaronki ƙaiƙayi da IgE kaɗai gare shi, da nan zan tsaya. Abin da ya sa na ga likitansa yana da hujja shi ne haɗuwar abu uku: ƙuraje tun jarirantaka, maruru masu maimaituwa, da nimoniya biyu a shekara guda. Tarihin ne yake da nauyi, lambar tana biye da shi.

Cutar da kika karanta, likitocin da suka fara bayyana ta a 1966 sun sa mata sunan Annabi Ayuba, Job a bakin Turawa, saboda gyambunan da ke rufe jiki. A 2007 aka gano cewa nau'inta mafi shahara daga lalacewar ƙwayar gado mai suna STAT3 yake. IgE a cikinta yakan wuce 2,000, amma ba da shi ake gane ta ba. Ga abin da ake nema. Ƙurajen da suka fara a makonnin farko na haihuwa, a fuska da kai. Maruru manya cike da mugunya amma masu sanyi, ba ja, ba zafi, yaro ba ya ko kuka sosai idan an taɓa. Wannan alama ce mai ƙarfi, ki tuna yadda nasa suke. Nimoniyar da take warkewa ta bar rami mai iska a huhu, wanda sai a hoto ake ganinsa. Farin fungas a baki ko farce da ya ƙi tafiya bayan shekara ɗaya. Karaya daga ɗan faɗuwar da bai kai ya kawo ba, gaɓoɓi masu lanƙwasuwa fiye da kima, ƙashin baya mai karkata. Sai wata da iyaye ne suke fara lura da ita: rashin famfara. Haƙoran yarinta su ƙi zuba, na girma su fito a bayansu, baki ya zama layi biyu. Yaronki bai kai shekarun famfara ba tukuna, sai wajen shida, amma ki tambayi kanki da maigida ko an taɓa cire wa ɗayanku haƙoran yarinta a asibiti, domin wannan nau'in daga ɗaya cikin iyaye, uwa ko uba, ake gadonsa, ko da yake sau da yawa a kan yaron yake farawa. Likitoci suna da takardar maki da suke tara waɗannan alamu a kai, kuma sai maki ya wuce 40 ake ƙarfafa zargi.

Akwai nau'i na biyu, na DOCK8, da aka gano a 2009. Shi sai yaro ya gada daga uwa da uba duka, don haka ya fi fitowa a auren zumunci. Galibi ba ya taɓa haƙori da ƙashi. Alamarsa cututtukan bairos a fata, ƙananan tsiro masu yawa da suka ƙi ƙarewa, da borin jini mai tsanani idan an ci wani abinci kamar ƙwai, gyaɗa ko madara. Idan ke da maigida 'yan uwa ne, ki faɗa wa likita ko bai tambaya ba. Haka idan an taɓa rasa jarirai a dangi da zazzaɓi ko gudawa ko ciwon huhu kafin su shekara biyu, musamman maza ta wajen ɗakinku: 'yan uwanki maza, kawunnanki, 'ya'yan 'yan uwanki mata. Dalili shi ne wasu cututtukan garkuwa ta wajen uwa suke bi su kama 'ya'ya maza. Ɗaya ita ce Wiskott-Aldrich, mai haɗa kirci da yawan IgE da IgA da ƙarancin ƙwayoyin tsayar da jini, sai a ga haɓo, jini a kashi, ko jinin da ya ƙi tsayawa bayan kaciya. Wata kuma ita ce wadda nutrofil suke haɗiye ƙwayar cuta su kasa kashe ta, inda ake samun maruru a hanta da kaluluwa mai fashewa, da wurin allurar BCG da ya ƙi warkewa. A cikinta ma IgG yawa yake yi.

Ga yadda nake ganin ya dace a bi, daga mai araha zuwa mai tsada, domin kuɗi kan ƙare a gwajin da bai kamata a fara da shi ba.

A fara da FBC cikakke, wato ƙididdigar ƙwayoyin jini, tare da duba jinin a gilashi. Wannan gwaji mai sauƙi ya fi na antibodin faɗar abubuwa, in an iya karanta shi. Kada a tsaya kan kashi cikin ɗari, a fitar da ainihin adadi. Misali, idan fararen ƙwayoyi 12,000 ne, layin EOS, wato rukunin fararen ƙwayoyi masu yaƙar tsutsa, ya nuna 15 cikin 100, to adadinsu 1,800 ne, kuma duk abin da ya wuce 500 ya yi yawa. Wannan yana tafiya da tsutsa, da borin jini, da cutar Job duka, bai raba su ba. Haka za a lissafa NEUT, wato nutrofil, da LYM, rukunin da ƙwayoyin B da T suke ciki, a duba PLT, ƙwayoyin tsayar da jini. A jariri ɗan watanni, LYM da ya gaza 2,500 abin gaggawa ne ko da antibodinsa ya fito daidai, domin na uwarsa ne ake gani.

Sai HIV, jinotayif, maleriya, HBsAg, fitsari da kashi. Kashi a kai sau uku a ranaku daban-daban, domin awo ɗaya yakan kuskure ƙwan tsutsa. Fitsarin tsargiya kuwa na tsakar rana ake so, tsakanin ƙarfe goma da biyu, kuma ƙarshen fitsarin. Ko ba a ga komai ba likita yakan ba da albendazol 400 mg sau ɗaya ga wanda ya kai shekara biyu, idan kuma an ga tsargiya a ba da firazikwantel 40 mg ga kowane kilo na nauyinsa. IgE ba ya sauka da wuri bayan an kashe tsutsa, watanni yake ɗauka, don haka maimaita shi bayan mako biyu ɓarnar kuɗi ce.

Marurun da ya sake fitowa, a kai shi asibiti a ɗebi mugunyar a shuka ta a ɗakin gwaji, don a ga ƙwayar da ke ciki, kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta. Galibi ƙwayar Staf ake samu. Ba wadda masu tallar magani da lasifika suke jingina wa kowane ciwon mara nake nufi ba, ainihin ƙwayar da ke zaune a fata da hanci. Sanin irinta da maganin da take ji yana hana a yi ta canza magani a makance. A kuma sake hoton ƙirji mako shida zuwa takwas bayan nimoniyar ta warke, a ajiye shi kusa da tsofaffin. Idan a gefe ɗaya, wuri ɗaya take dawowa kullum, ba garkuwa za a fara zargi ba, sai a nemi abin da ya maƙale a hanyar iska, kamar ƙwayar gyaɗa da yaro ya shaƙa.

Gwajin antibodin kansa a maimaita shi lokacin da yaro yake lafiya, aƙalla mako huɗu zuwa shida bayan ciwo na ƙarshe, kuma a ɗakin gwajin da aka yi na farko. Ba ya buƙatar azumi, jini kamar 2 zuwa 3 mL ya isa. Abubuwan da suke ɓata sakamako: a ɗebi jini yaro yana cikin gudawa jikinsa ya bushe, lamba ta hau. Ƙarin jini ko ruwan jini a watannin baya, antibodin wani ya shiga lissafi. Firednisolon ko deksametason, waɗanda ake saya a kemis don ƙaiƙayi ko don yaro ya yi ƙiba, su sauke IgG su ɓoye EOS. Wasu magungunan farfaɗiya ma suna sauke IgA. Duk abin da ya sha ki faɗa, har na gargajiya, ba don a yi miki faɗa ba.

Bayan wannan ne ake zuwa tambayar da ta fi muhimmanci: antibodin yana aiki? Hanyar sani ita ce a ɗebi jini a auna antibodin tetanus, a yi masa allurar ƙari, a sake aunawa bayan mako huɗu zuwa shida. 0.1 IU/mL ake ɗauka matakin kariya, kuma ana so a ga ya yi tsalle bayan allurar. Na ciwon hanta nau'in B, matakinsa 10 mIU/mL ne, sai dai yakan sauka da kansa shekaru bayan rigakafin jarirai, don haka ƙarancinsa ba ya nufin komai sai an yi ƙari an ga bai tashi ba. Akwai irin wannan gwaji da allurar nimoniya mai nau'i 23, wadda ba a yi wa yaro ƙasa da shekara biyu. Ita ce take tona yaran da IgG ɗinsu cike yake amma ba sa iya ƙera kariya daga ƙwayoyin nimoniya. Duk waɗannan ba a yinsu yaro yana cikin maleriya. Ƙididdigar ƙwayoyin T da B, gwajin aikin nutrofil, da gwajin ƙwayoyin gado su ne na ƙarshe. Likitocin yara da na jini a Asibitin Koyarwa na Shika su ne za su ce wanne ya cancanta, kuma na gado galibi sai an tura jinin waje.

Tunda iyaye da yawa za su karanta wannan, bari in taɓo wasu takardun da su ma ake cewa antibodi ya yi yawa. Widal shi ne sarkinsu. Lamba 1:80 ko 1:160 sau ɗaya ba ta tabbatar da taifot, domin tsohuwar haɗuwa da ƙwayar, da maleriya, da wasu cututtukan hanji duk suna ɗaga ta. Yaro mai IgG da yawa irin naki yana iya yin shekara ana ɗura masa maganin taifot ɗin da ba shi da shi. Shuka jini ce take tabbatarwa. Antibodin da ake kira ASO, idan ya yi yawa, yana nuna yaro ya haɗu da ƙwayar ciwon maƙogwaro a makonnin baya, ba shi ne ciwon zuciya ko na gaɓoɓi ba sai da alamunsu. ANA kuwa, antibodin da ke juyowa kan jikin mai shi, mai rauninsa ana samunsa a yara masu lafiya, maleriya ma tana kawo shi. Jaririn da uwarsa take da HIV kuwa, gwajin antibodi zai iya nuna akwai har zuwa wata 18 ko da bai ɗauka ba, saboda na uwar ne. Gwajin PCR, mai neman ƙwayar cutar kanta, da ake yi a mako shida, shi ne yake faɗar gaskiya. Akasin haka IgM, wanda ba ya ratsa mabiyiya: idan ya yi yawa a sabon haihuwa, alama ce cuta ta same shi tun a ciki.

Ga iyayen da ake yi wa yaransu ƙarin antibodi ta jijiya kuma, yawanci 400 zuwa 600 mg ga kowane kilo duk mako uku ko huɗu, lambar da ake aiki da ita ita ce wadda aka auna dab da ƙari na gaba. Wadda aka auna kwana biyu bayan ƙari dole ta yi sama, kuma ba ta nufin yaro ya warke. IgG mai kyau a irin wannan yaro na aro ne, idan an tsaya zai sauka. Haka duk gwajin antibodin wata cuta a jininsa ba abin dogaro ba ne, na mutanen da suka ba da jinin ake gani, kuma allurar ƙyanda sai an jinkirta ta wajen wata takwas bayan ƙarin. Yaronki, da IgG 19, ba ya cikin masu buƙatar wannan ƙari yanzu, sai fa idan gwajin aiki ya nuna antibodinsa ba ya kamawa.

Babu maganin da ake sha don sauke IgE a irin wannan hali, kuma ba a bin lambar ana auna ta kowane wata. A cutar Job kanta hawa da saukar IgE ba sa nuna tsananin ciwo, yakan ma ragu da girma alhali cutar tana nan. Abin da ake yaƙa shi ne ƙwayoyin cuta da lalacewar huhu. Idan zargi ya yi ƙarfi, likita yakan ɗora yaro kan maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna kotirimokzazol kullum tun kafin gwajin gado ya dawo, da wankan kulohekzidin don rage Staf a fata. Nau'in DOCK8 da Wiskott-Aldrich su ne ake yi wa maganar dashen ɓargo. A gida, ki yanke masa farce, ki shafa masa basilin jikinsa da sauran danshi bayan wanka, sau biyu a rana, a ƙara a lokacin hunturu. Ki guji mayukan kemis masu haɗin magani uku a bututu ɗaya, suna kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu su bar fata ta yi siriri fungas ya samu wuri. Kada a matse maruru, kada a kai wa wanzami ya tsaga. Gidan sauro kowane dare.

Rigakafi kuma, yawan antibodi ba dalilin barinsa ba ne. Alluran da ba su da rai, irin su Penta da ta nimoniya da tetanus, ba sa cutar da mai raunin garkuwa, shi ya ma fi kowa buƙatarsu. Masu rai, wato BCG, ɗigon shan inna, rota, ƙyanda da shawara, su ne likitansa zai yanke hukunci a kansu gwargwadon abin da bincike ya nuna. Idan kina da ciki ko kin haihu kafin a gama binciken, ki sanar da likita kafin a yi wa jaririn BCG.

Ki lura da abu ɗaya game da yaran da ake zargi da wannan cuta: jikinsu ba ya nuna ciwo gwargwadon girmansa. Nimoniya tana iya cin huhu alhali zazzaɓin kaɗan ne, yaro yana wasa. Ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur yana kwance shiru. A shekarunsa, 30 ko fiye abin dubawa ne, 40 kuwa ko ƙirji mai lotsawa, ko tarin da ya wuce kwana uku, ko kumburi mai girma ko da ba ya masa zafi, asibiti ne a ranar, ba kemis ba. Ranar komawa wajen likita ki tafi da katin rigakafinsa, da duk hotunan ƙirji, da takardun sallama na kwanciya biyun, da kwalayen magungunan da ya sha, da littafi ɗan ƙarami da kika rubuta kowane ciwo da watansa da maganin da aka ba shi da kwana nawa ya ɗauka. Ki riƙa ɗaukar hoton marurun a waya kafin su fashe, ki sa yatsanki a gefe don a ga girmansu. In da hali maigida ya raka ku, domin tambayoyin dangi na ɓangarensa shi ne zai amsa su.